Hoton da babu fuska ba ɓataccen hoto ba ne

A ƙaramar hukumar Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, idan aka ce wa magidanci ya kawo hoto, ya san abin da ake nufi. Zai sa rigarsa ta kirki, ya nufi wurin mai hoto, ya zauna gaban farin ƙyalle, a ce masa ya ɗaga kai kuma kada ya ƙifta ido. Hoton katin ɗan ƙasa ke nan, ko na takardun makarantar yaro, ko na fasfon aikin hajji. Bayan wannan sai hoton biki da na suna, da kuma wanda ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suke ɗauka ranar rabon iri ko buɗe sabuwar rijiya. Dukkansu sharaɗi ɗaya ne ya haɗa su, watau dole a ga fuska, a kuma gane mai ita. Hoton da ba a gane kowa a cikinsa ba, sunansa ɓatacce, kuma ba wanda zai biya kuɗinsa.

To, amma akwai wani irin hoto da ya shekara fiye da ɗari a duniya, wanda mai shi tun da farko bai yi niyyar nuna mutum ko gida ko dabba ba. Haske da launi kaɗai yake farauta: yadda ja yake narkewa cikin rawaya, yadda inuwa take yanke fari, yadda walƙiyar ruwa take watsewa. Ana baje irinsa a manyan gidajen nuni, ana kuma koyar da shi a makarantun zane. Yau da salula mai ɗaukar hoto ta shiga aljihun matasan karkara, irin wannan hoto yana fitowa a Sarkin Yamma ma, wani lokaci bisa kuskure, wani lokaci da gangan. A ɗauka wani saurayi ya tsaya a fadamar Gulbin Maraɗi da almuru, ya auna ruwan da ya kwanta tsakanin kunyoyi, ya dawo da hoton da babu komai cikinsa sai ja da ruwan toka. Abokansa za su yi masa dariya su ce wayarsa ta lalace, shi kuma ya goge don kunya. Wannan dariya kuskure ce, kuma ya dace malaman makaranta da masu kula da al'adu su zama na farko wajen gyara ta.

Kafin a yanke hukunci, a fara sanin mene ne hoto. Kalmar da Turawa suke kiransa da ita daga harshen Girka ta fito, ma'anarta kuwa rubutu da haske. Malamin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir yadda haske yake shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda ya zana abin da ke waje a bango. Duk wanda ya taɓa kwanciya da tsakar rana cikin ɗakin ƙasa a rufe, ya ga inuwar masu wucewa tana tafiya a bango kai a ƙasa, ya ga abin da malamin ya gani. Abin da ya rage shi ne a kama wannan zane kada ya gudu. Wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ya yi nasarar haka a 1826 ko 1827, a kan farantin ƙarfe da ya shafa wa wani irin kwalta, bayan ya bar shi yana kallon taga awa takwas ko fiye. Hoton da ya samu ba mutum ko ɗaya a cikinsa, da ƙyar ma ake gane rufin gidaje. Ashe haske ne mai gida a wannan sana'a tun ranar da aka haife ta, fuska daga baya ta zo baƙunci.

Waɗanda suka fara barin fuskar da gangan ba mahaukata ba ne, kuma ba don sun kasa ɗaukar mutum ba. Alvin Langdon Coburn, wanda ya riga ya yi suna wajen ɗaukar hotunan manyan marubuta, shi ne a 1917 ya nuna a Landan hotunan da ya yi ta cikin madubai uku da ya ɗaure wuri ɗaya, har siffa ta kakkarye ta koma tsinkayen haske. A 1922 Man Ray a Paris da László Moholy-Nagy a Balin sun ajiye akwatin hoton gaba ɗaya: cikin ɗaki mai duhu suke ɗora abubuwa a kan takardar hoto, su kunna fitila ɗan lokaci, inda haske ya taɓa ya yi baƙi, inda abu ya tare ya zauna fari. A wannan zamani Bajamushe Wolfgang Tillmans, wanda ya ci lambar Turner ta Ingila a shekara ta 2000, ya yi manyan hotuna masu launi ta wannan hanya, ba kyamara, sai haske da hannu a kan takarda.

Mai karatu yana iya cewa wannan duk wasan Turawa ne da suka ƙoshi. A nan ne ya kamata a dakata, domin idan akwai idon da ya saba da kallon launi tsagwaronsa ba tare da neman siffar mutum ba, to idon Bahaushe ne.

A je marina. Marini yana jiƙa baba a rami da ruwan toka, ya bar shi kwanaki yana ruɓa, yana motsawa da muciya, yana duban kumfa da warin ruwan ya san ko ya nuna. Zanen da ya tsoma ba shuɗi yake fitowa ba. Kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya juye a kan idon mai kallo ya koma shuɗi. A sake tsomawa, a sake shanyawa, har shuɗin ya yi duhu ya kusa baƙi. Duk da haka aiki bai ƙare ba. Sai an kai wa masu bugu, su barbaɗa shuni, su yi ta dukan tufa da tabarya a kan gungume har ta ɗauki wani ƙyalli mai kama da na ƙarfe, wanda yake sauyawa duk inda mai sanye da ita ya juya. Garin Kura na ƙasar Kano a kan wannan ƙyalli ya yi suna, kuma Buzaye sun daɗe suna biyan kuɗi mai tsoka don rawanin da aka buga a can. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Katsina ya isa Kano a 1851, ya rubuta yadda rinannun tufafin Kano suke kaiwa ƙasashe masu nisa a bayan raƙuma. Me mai sayen wannan rawani yake saye? Babu zanen doki a jikinsa, babu na sarki. Yadda tufar take kama rana ta mayar da ita, shi yake biya. Bai taɓa tambayar mabugi ma'anar ƙyallin ba, kuma da ya tambaya da an yi masa dariya.

Harshen ma shaida ne. Hausa ba ta gamsu da fari da baƙi da ja ba, sai ta ce fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Inda suna ya ƙare mata sai ta ɗebo ruwa: ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ruwan zuma. Rawaya kuwa sunan tsiron da ake samun rinin daga saiwarsa ne ya zama sunan launin. Mutanen da suka tsaya suka bambanta ruwan goro da ruwan ɗorawa, ba za a ce musu launi ba ya magana ba. Dukawan Maraɗi suna jeme fatar jar akuya da bagaruwa, su rina ta ja da karan dafi, su haɗa ta da kore da baƙi a jikin jaka da titimi. Matan karkara suna saƙa faifai da tabarma da kaba mai launi. Magina sun ƙawata fuskar gidajen unguwar Birni a Damagaram da dagi da zobba da layuka. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ana yi masa allon zayyana, ja da rawaya da kore da baƙi, babu siffar mai rai ko ɗaya, kuma ba a taɓa jin uban da ya mayar da allon ya ce ɓatacce ne ba. (A nan ya isa a ce, saɓanin da malamai suke yi game da hoton mai rai nasu ne, su za su warware shi, hoton da babu halitta a cikinsa bai ma shiga wannan gardama ba.) Ashe abin da yake baƙo a nan shi ne na'urar kawai. Kallon kansa gado ne, sai dai an koya wa jama'a cewa idan na'ura ta shigo, sai a ajiye wannan ido a ɗauko na ɗan sanda mai duba kati.

Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan nauyi, wanda mutanen jihar Maraɗi suka sani a jikinsu. A 2005, bayan fari da farin dango na daminar 2004, yunwa ta kama ƙasar, kuma a Maraɗi ne masu ɗaukar hoto na duniya suka fi yin sansani. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara. Hotunan da suka fita sun yi amfani, ba a musun haka, domin sai da aka gan su a talabijin ɗin Turai agaji ya ƙaru. Amma farashin da aka biya shi ne fuskar matan ƙauye da haƙarƙarin ƴaƴansu, waɗanda aka ɗauka a ranar da suka fi kowace rana rauni, da yawansu ba su san inda hoton zai je ba. Shekaru sun wuce, yaran da suka rayu sun zama magidanta da matan aure, hotunan kuwa suna nan a intanet ba su tsufa ba. Baƙon da bai taɓa zuwa ba, da su ya san Maraɗi. Bai san launin gero ba lokacin da ya fara bununi, bai san ruwan tabkin Madarunfa ba da sassafe, wanda Nijar ta sa tare da dajinsa da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2006. Bai san hazon hunturu ba, wanda yake mayar da rana kamar farin faifai har yaro ya iya kallonta.

Hoton haske da launi yana da wata fa'ida a nan wadda ba a cika ambata ba: ba ya cin mutuncin kowa. Ba ya buƙatar a tsayar da matar wani gaban buhun agaji, ba ya leƙa cikin gida, ba ya sa talaka ya yi murmushin dole domin rahoton wani ofis. Yarinyar da iyayenta ba za su yarda a ɗauki fuskarta ba, ita da kanta tana iya ɗaukar hasken da ya ratsa zanen da ta shanya, ta nuna wa duniya, ba wanda zai ce ta zubar da kunya. Ita ce mai kallo a nan, alhali kuwa a can ita ake kallo.

Ba a ce kuma duk hoton da ya dushe gwaninta ba ne. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi da ake yi wa sana'ar, kuma akwai gaskiya a cikinta. Malalaci yana iya girgiza hannu ya ce fasaha ya yi, kamar yadda wanda bai iya rini ba yake iya cewa dabbare-dabbaren da ya fito da gangan ne. A kasuwannin zane na Turai da Amurka ma ana sayar da wasu da tsada saboda sunan mai su kawai. Amma maganin wannan marina ta san shi tuntuni: a ce ya sake. Wanda ya san abin da yake yi zai koma wurin nan gobe a daidai wannan lokaci ya fito da ɗan'uwan hoton, ya kuma faɗi abin da ya sa ya tsaya nan bai tsaya can ba. Wanda sa'a ce ta faɗo masa ba zai iya ba.

Haka nan ba a nufin a raina hoton fuska. Ba don Philippe Koudjina ba, wanda ya yi ta ɗaukar samari da ƴan matan Yamai a shekarun 1960 da 1970, da an rasa shaidar yadda babban birni ya yi ƙuruciyarsa bayan samun mulkin kai. Malick Sidibé na Mali da hotunan mutanen Bamako ya ci babbar lambar bikin zane na Venis a 2007. Kuma yankin Madarunfa yana da matsalolin da suke buƙatar hoto mai fuska da suna da kwanan wata: ajin zana da iska ta kwashe, gadar da ruwa ya cinye, garken da ɓarayin kan iyaka suka kora. Wanda aka sace wa shanu ba ruwansa da ruwan goro. Sai dai yaron da aka koya wa lura da inda haske yake faɗuwa, shi ne gobe zai ɗauki hoton gadar nan yadda mai hukunci a Yamai zai gane girman ɓarnar. Makarantun hoto da yawa da darasin haske suke farawa kafin ɗalibi ya tsayar da mutum gabansa, kamar yadda mai koyon karatun manya yake farawa da baƙi da wasali kafin ya rubuta wa ɗansa wasiƙa.

Abin da zai kwantar da hankalin magajin gari da mai kula da kasafi shi ne, aikin ba ya cin kuɗi. Da salula kawai ana iya farawa. Idon na'urar launi uku yake aunawa, ja da kore da shuɗi, daga gare su yake haɗa sauran; idan haske ya yi ƙaranci sai ya daɗe a buɗe, shi ya sa fitilar babur da dare take zama dogon zare, wutar murhu ta zama tabo mai rawa. Abin da ake ɗauka lahani ne, shi ne kayan aikin. A kusantar da wayar ga bangon ƙasa da ruwa ya zana, ko ga ƙasan ƙwaryar da aka dama fura, ko ga man da ya zuba a kududdufi ya yi bakan gizo, har abin ya daina zama bango ko ƙwarya ya zama launi.

Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar waya ko lantarki, kuma kowace mace ta riga ta san asalinta. Zanen da aka manta a kan igiya yana koɗewa, amma inda ya ninku launinsa yana nan. Masanin Ingila John Herschel ya yi bincike a kan haka ya bayyana shi a 1842: a matse ruwan fure ko ganye mai launi, a shafa a farar takarda, a bar ta ta bushe a inuwa. A nan ruwan soɓorodo mai kauri ko na gangamau zai yi. Sai a ɗora ganyen zogale ko gashin zabuwa ko guntun tsohuwar raga, a danne da gilashi, a ajiye a rana. Bayan awoyi ko kwanaki, gwargwadon ƙarfin rinin, rana za ta cinye launin duk inda ta samu hanya, ta bar shi inda aka tare ta. Herschel ɗin nan ne kuma a wannan shekara ya gano wata hanyar da ake haɗa gishirin ƙarfe iri biyu a shafa a takarda ko ƙyalle, a shanya mintoci kaɗan, a wanke da ruwa zalla, hoto ya fito shuɗi da fari kamar daga marina. Da ita wata mata mai suna Anna Atkins ta fara fitar da littafin tsirran teku a 1843, wanda ake lissafa shi littafi na farko da aka yi wa hotuna da haske. Wannan ta biyu sai an sayo maganin daga waje. Ta farko kuwa kayanta suna cikin kowane gida a Sarkin Yamma, rana kuma ba a taɓa yin ƙarancinta ba.

Don haka abin da ake nema wurin hukuma kaɗan ne. Sufetocin makarantun firamare su yarda malami ya ba da yini ɗaya a shekara ga wannan gwaji, ya haɗa shi da darasin kimiyya, tunda a cikinsa yaro zai ga da idonsa cewa haske yana aiki a kan abu. Cibiyoyin yaƙi da jahilci su ma suna da rabo: a sa ɗalibai su rubuta sunan kowane launi da suka samu a ƙarƙashin takardarsu, da Hausa, a ga kalmomi nawa aji ɗaya zai tara, a kuma gayyato tsohon marini ko baduku ya gyara musu inda suka kira shuɗi kore. Masu wannan sani suna raguwa tun da rinin kanti da atamfar masana'anta suka cika kasuwa, kuma kalmominsu tare da su suke tafiya. Idan aka tashi baje kolin al'adu a Maraɗi, a bar bango ɗaya ga hotunan matasan ƙauyuka, a rubuta sunan mai hoton da garinsu, kada a tilasta masa ya ce hoton mene ne.

Lokacin da ya fi dacewa da gwajin takarda shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da hazo ya janye, rana ta yi ƙarfi, ruwa bai sauka ba balle ya jiƙa aikin. Malami ya sani tun da wuri cewa hoton ruwan ganye ba ya tabbata: ranar da ta zana shi za ta ci gaba da cinsa idan aka rataye shi a fili. Sai a ɗauke shi da salula a ranar da aka buɗe gilashin, takardar kuma a sa ta tsakanin shafukan rajistar aji, a rufe a akwati.